Reshen da Ya Tsallako Katanga

Litinin, da hantsi

Yau aka sauko da Yaya daga bene na uku zuwa ɗakin ƙasa. Likita ya ce ci gaba ne. Na tsufa ina aiki a laburare, ban taɓa cin karo da wanda ya ci gaba ta hanyar gangarawa ƙasa ba, in ba mai haƙar rijiya ba. Ban faɗa masa ba. Yaro ne mai kirki, kuma da gani ba ya samun barci.

Ɗakin ba shi da taga. Maimakonta, an haska wani tafki a bangon da ke kallon gadon, da majigin da aka maƙala a silin. Hoton yana motsi: ruwa, dogayen ciyayi, da wani farin tsuntsu tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a kira sunansa a layin kati. Nas ta ce aikin wata mai zane ce, Mai Haske suke ce mata, ita ta yi wa asibitin duka. Na ce a zamaninmu in ana son taga, bango ake fasawa. Ta ce a bayan wannan bangon ɗakin wanki ne, in ina so a fasa mini in sha kallo.

Yaya ba ta kalli tafkin ba. Ba ta ci komai ba.

Talata, da yamma

Ba ta ci ba.

Laraba, da safe

Matar da ta goya ni, ta yaye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta kai ni makaranta da jan kunne, har gemuna ya yi fari ba ta daina kirana Auta ba, yau mako na uku ke nan ba ta ce uffan ba. Tun ranar da aka same ta a bakin famfo. Ba zan rubuta ranar nan ba.

Likita ya kira mu baranda, ni da 'yarta, wadda tun tana ƙarama muke ce wa Manaja don ko wasan 'yar tsana sai ta raba wa kowa aiki. Ya ce maƙogwaron Yaya lafiya lau, tana iya haɗiya, so ne ba ta yi. In wata ya ƙare ba ta fara ci da bakinta ba, za a saka mata bututu ta hanci. Manaja ta ce in haka ne, da an sallame ta za ta wuce da ita can wajenta, a rufe gidan. Wajen nata kwana guda ne a mota, kuma a saman wani dogon bene yake, inda ko kaza ba ta cara.

Na ce Yaya ba za ta yarda ba.

“Kawu, to ta faɗa mana da bakinta,” in ji Manaja. Sai ta shiga banɗaki ta daɗe.

Alhamis, da azahar

Na gano wani abu game da tafkin nan, kuma dole in janye rabin abin da na faɗa.

Na ɗauka irin na shagon sayar da talabijin ne, minti kaɗan ya ƙare ya koma farko. Na zauna na yi wa farin tsuntsun kwanton ɓauna don in kama shi yana maimaita kansa. Bai maimaita ba. Ya tashi ya tafi abinsa, bai ko yi mini sallama ba. Ashe matar nan takan kafa kyamara tun asuba, ta bar ta har faɗuwar rana, ba yanka, ba kiɗa. Sannan a haska shi daidai da agogo: safiyar bango ita ce safiyar waje, yammarsa yammar waje. Nas ta ce marasa lafiya a ɗakin da ba taga sukan rasa dare da rana, sai kansu ya ruɗe. Wannan yana riƙe musu lokaci.

Da rana ta karkata, hasken ruwan ya sauko daga bangon ya kwanta a kan zanen gado, yana rawa a kan hannun Yaya, wanda ba ya motsi. Na daɗe ina kallo. Na karanta mawaƙa da yawa a kan ruwa, yawancinsu ba na tsammanin sun taɓa zama sun kalle shi wuni guda.

Juma'a, da la'asar

Cokali ɗaya na romo, shi ma ta mayar.

Asabar, da hantsi

Na haɗu da Mai Haske. Na zaci zan ga mai zobba da ɗankwali mai launi bakwai. Sai ga wata 'yar siririya a kan tsani, da takalmin roba, tana goge gilashin majigi da gefen rigarta. Ta ce mini Baba. Ban kai sittin ba, amma na haƙura.

Na tambaye ta me aikin nata yake nufi, irin tambayar da ake yi wa masu zane don a ji sun yi dogon Turanci. Ta ce ba ya nufin komai, taga ce kawai. Ta ƙara da cewa in majiyyaci zai daɗe, danginsa suna iya nuna mata wurin da ya saba gani, ta je ta ɗauko masa wuni guda na wurin. Sharaɗinta ɗaya ne.

“Kada ku taɓa komai, Baba. Kada ku gyara. Yadda yake haka nake so.”

Manaja ta ce a ɗauko bakin teku, don Yaya ta sha cewa tana son gani. Na ce Yaya ta kuma sha cewa tana son ta daina shan sukari. Muka tsaya a kan tsakar gidanta.

Lahadi, da yamma

Na je gidan don in ba tukwanen furanninta ruwa. Na zauna a kujerarta ta roba, wadda ta fashe aka ɗinke da waya, na kalli abin da take kallo kullum: famfo, igiyar shanya, katanga, da reshen.

Sai na yi bayanin reshen. Maƙwabcinta tsohon likitan haƙori ne, matarsa ta rasu, Yaya ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Mai Filaya. Yana da bishiyar mangwaro, kuma wani ƙaton reshenta ya tsallako katanga ya rufe rabin tsakar gidan Yaya. Shekara ashirin suna yaƙi a kansa. Ita ta ce ya sare, yana zuba mata shara. Shi ya ce ta biya shi haƙƙin inuwa. Kowace yamma takan share ganyen, ta cika bokiti, ta hau kan bulo ta juye masa ta saman katanga, tare da bayani a kan asalinsa da sanƙonsa. Shi kuma ya leƙo ya ce ya ga haƙoranta na ƙasa, ba za su kai baɗi ba. Sun kai maganar gaban masu unguwa, sun kai gaban 'ya'yansu, ba wanda ya sassauta.

Yanzu ganye ya taru, ba mai sharewa. A hoto zai yi muni. Wata dabara ta zo mini, kuma ina jin mai kyau ce.

Litinin, da safe

Na buga ƙofar Mai Filaya da shirin doguwar muhawara. Har na tanadi misalai daga tarihi. Ya saurare ni a tsaye, da butar shayi a hannu, ya tambayi jikin nata. Na ce da sauƙi. Ya dube ni irin duban da yake yi wa mai cewa yana goge baki sau biyu a rana.

“In zai taimaka mata, a sare,” ya ce. Ya rufe ƙofa a hankali.

Abin da Yaya ta kasa cikin shekara ashirin na gama kafin shayinsa ya huce. Na yi tafiya zuwa asibiti ina jin kaina kamar jakadan da ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu.

Talata, da yamma

Mai zarto ya zo ya sare. An ja reshen an ajiye a lungun bayan gida. Na share tsakar gidan tas, na wanke kujerar, na jera tukwanen furanni daga babba zuwa ƙarami yadda nake jera littattafai. Wurin ya yi haske kamar ba shi ba.

Ba ta ci ba. Amma bari ta gani.

Laraba, da magariba

Mai Haske ta kafa kyamararta a kan kujerar Yaya, daidai tsayin idon mai zama. Ta ɗaga kai ta ga farin dungun da zarto ya bari. Ta ce an taɓa wani abu. Na ce ɗan gyara ne, kyauta ce ga marar lafiya. Ta ci gaba da aikinta. Wuni guda ta yi a zaune a bakin ƙofar kicin, ba ta ko duba waya ba. Na kawo mata littafi, ta ce tana kallo. Na duba inda take kallo, katanga ce da rana a kanta.

Juma'a, da hantsi

An kunna.

Yaya ta buɗe ido, ta gane. Wannan ba na shakka, don hannunta mai lafiya ya damƙe zanen gado. Idonta ya bi famfo, ya bi igiyar shanya, ya hau katanga. Ya tsaya a nan. Na matso na ce, Yaya, kin gani, ya sare, kin ci nasara.

Ta juya fuskarta ga ɗaya bangon, wanda ba komai a kansa.

Juma'a, da yamma

Ko ruwa ta ƙi.

Asabar

Ba abin rubutawa.

Lahadi, da la'asar

Manaja ta sa an mayar da tafkin. Farin tsuntsun ya dawo, yana tsaye abinsa, shi bai sare wa kowa komai ba. Ta fara tambayar kuɗin motar ɗaukar marasa lafiya mai tafiyar nisa, a baranda, da murya ƙasa-ƙasa, kamar Yaya ta kurmance ne.

Na fita na zauna a zauren shiga, inda Mai Haske ta haska inuwar ganyaye a silin. Mutane suna shigowa da katunansu da fargabarsu, sai ka ga mutum ya ɗaga kai ya ɗan rage sauri. Wani ƙato mai kayan aikin gini ya tsaya, baki a buɗe, har matarsa ta ja shi. Ba wanda ya tambayi me yake nufi. Ni kaɗai na yi wannan tambayar a ginin nan, ina jin.

Litinin, da safe

Na koma wajen Mai Filaya don in ba wa wani labari, ba don ina neman shawara ba. Ya ba ni kujera a ƙarƙashin abin da ya rage na bishiyar. Na gaya masa ta juya fuska.

Ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce tun ranar da na zo bai yi barcin kirki ba. Ya ce shi da ita sun san juna fiye da yadda ya san wasu danginsa, kuma ta san abu ɗaya game da shi tabbas.

“Ni ba na sakar wa mai rai, Malam Auta. Ta sani. Da ta ga na sare, me kake so ta ɗauka?”

Na ce to me ya sa ya yarda. Ya ce don shi ma abin da ya ɗauka ke nan, cewa ba za ta tashi ba, da ya ga fuskata a ƙofa.

Garin gyaran gira. Ba sai na ƙarasa ba.

Litinin, da yamma

Na sami Mai Haske a ɗakinta na ƙarƙashin matakala, cikin wayoyi da kwalaye. Na ce na san da kwamfuta ana iya sa wa mutum fukafukai, balle reshe. Ta ce ana iyawa. Ta ce amma Mama ta yi shekara arba'in tana kallon katangar nan, za ta gane ƙarya kafin ganye ɗaya ya kaɗa, kuma daga ranar ba za ta sake yarda da tagar ba. Na kawo mata hujjoji, har da na wani tsohon masani da ya ce duk zane ƙarya ce mai kyau. Ta ce Allah ya jiƙansa.

“Abin da ke wurin nake ɗauka, Baba. In reshe yana wurin, zan ɗauka.”

Ban san ko shawara ta ba ni ba, ko kora ta ta yi.

Talata, da azahar

Ina rubutu da hannu mai ciwo.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cirewa, yau ya zo mayarwa. Mun kira mai zarton nan, wanda ya ce tun da yake sana'a ba a taɓa kiransa ya mayar da abin da ya sare ba, kuma zai ba jikokinsa labari. Mu uku muka jawo reshen daga lungu. Ganyen ya yi yaushi, wasu sun bushe. Mai zarto ya hau, mu muna turawa daga ƙasa, Mai Filaya yana ba da umarni kamar yana ɗakin tiyata: hagu, sama, riƙe nan, kada ka motsa, ba zai yi zafi ba. Mun ɗaure shi da igiyar shanyar Mai Filaya da wata shuɗiyar igiyar roba, muka tokare shi da katako a kan katanga. Ya karkace. Makaho ma zai ga ɗauri ne.

Na ce za ta gane. Mai Filaya ya ce ai so yake ta gane.

Na ɗauki tsintsiya don in kwashe ganyen da ya zube garin aikin. Ya ƙwace ta daga hannuna ya wurga ta cikin gidansa.

Laraba, da magariba

Mai Haske ta dawo da kyamara. Ta kalli reshen, ta kalli shuɗiyar igiyar, ta toshe baki da hannu har kafaɗunta suna rawa. Sannan ta saita tsayin idon mai zama, ta koma bakin ƙofar kicin.

Wannan karon na zauna kusa da ita ba tare da littafi ba. Ashe katanga ma tana da wuni: da safe toka-toka, da hantsi inuwar ganye ta sauko mata kamar rubutu, da azahar ta taru a gindi, da yamma ta miƙe har ta taɓa ƙafar kujera. Shekaru nawa ina zuwa gidan nan ban gani ba.

Likita ya ce ranar Litinin za a saka bututun.

Juma'a, da safe

Manaja ba ta so ba. Ta ce, Kawu, kun yi sau ɗaya ta daina shan ruwa, in kun sake fa? Nas ce ta ce a gwada, in Mama ta juya fuska ita da kanta za ta kashe.

An kunna. Yaya tana kallon bangon da ba komai. Ba ta juyo ba.

Juma'a, da la'asar

Sauti ne ya juyo da ita. Majigin yana da 'yar murya ƙasa-ƙasa, kuma busasshen ganye in ya faɗi a siminti yana da ƙara tasa. Ɗaya, can wani, can wani. Na ga kunnenta ya san ƙarar kafin idonta.

Ta juyo. Ta kalli tsakar gidanta cike da shara. Idonta ya hau katanga, ya sami reshen, ya bi shi har inda shuɗiyar igiya ta naɗe shi kamar karayar da ɗan koyo ya ɗora. Ta daɗe a nan.

Can sai ga sanƙo ya ɓullo a saman katanga, daidai lokacin da ya saba. Ba mu shirya wannan da shi ba. Ya leƙo, ya dubi kujerar, wato ya dube mu. Ya ɗago sandar goge-goge ya zungure reshen sau biyu. Ganye ya zubo kamar ruwa. Ya gyara tabarau, ya nutse.

Wani sauti ya fito daga Yaya, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Manaja ta miƙe za ta kira nas. Na riƙe ta.

Bakin ya karkace, kalmar ta fito da rabi a baya, amma duk mun ji.

“Tsohon banza.”

Manaja ta zauna a ƙasa, a kan tayil, da kayanta masu tsada. Yaya ta juyo da idon nan gare ni, wanda na sani tun ina rarrafe. Ta yi ta kokawa da harshenta. Na sunkuya don kada in rasa ko harafi.

“Kai kuma, wawa.”

Na ce na'am, Yaya.

Asabar, da hantsi

Nas ta zo da romo ta ce, Mama, hawa kan bulo da bokiti sai da ƙarfi. Yaya ta harare ta. Ta karɓi cokalin da hannun hagu, rabi ya zube a haɓa, rabi ya shiga. Da Manaja ta kai hannu za ta taimaka, ta buge hannun.

Ta ce ba gishiri.

Litinin, da azahar

Likita ya zo, ya duba kwanon, ya duba ta, ya ce a bar maganar bututu tukuna. Yaya ta ce masa ya je ya yi barci. Manaja ta daina zancen mota. Ba ta ce ta fasa ba, ta dai ce za a sa ƙarfen riƙewa a banɗakin gidan, kuma ta riga ta raba wa kowa aiki. Nawa shi ne kada in sake yin wata dabara.

Na tarar da Mai Haske a baranda, a kan tsaninta. Na shirya mata jawabi mai kyau tun a hanya. Da na iso sai na ce mata kawai tagar ta yi. Ta ce in miƙo mata sukudireba.

Alhamis, da yamma

Na zama ɗan aike. Da safe in ɗauko saƙon Yaya, wanda har yanzu gajere ne don kalmomin suna yi mata nauyi, amma tana zaɓen masu kaifi. In kai wa Mai Filaya, ya saurara da ido a rufe kamar mai jin waƙa, ya ba ni amsa. Yau ya ce in gaya mata dungun ya fara toho, kuma duk tohon gidanta yake kallo, shi ma ta wannan gefen yake zuba taki.

Na gaya mata. Ta kalli bangon, inda yamma ta miƙe har ƙafar kujera. Na ce ganyen ya yi yawa, gobe zan sayi sabuwar tsintsiya in share kafin a sallame ta.

“Kada ka taɓa,” ta ce. Ta huta, ta tattaro sauran. “Nawa ne. Ni zan juye masa.”

Na biya ta gidan na ba furanni ruwa. Ganye ya kai idon sawu. Na nemo bokitin na ajiye kusa da bulo, na bi gefen bango na fita don kada in taka.